Kansila, rumfar ƙaninsa da amanar jama'ar Keffi

Mazaɓu goma ne a ƙaramar hukumar Keffi, daga Liman Abaji da Gangaren Tudu har zuwa Yara, Jigwada da Sabon Gari, kowace da kansilanta. Duk wanda ya san garin ya san da wuya a sami kansilan da ba shi da ƙani a kasuwa, ko suruki a tashar mota, ko amini ɗan kwangila. Ba abin kunya ba ne, ai don shi ɗan gari ne aka zaɓe shi. Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da majalisa ta zauna a kan kuɗin rumfa ko kasafin gyaran tasha, alhali abincin gidansu yana cikin abin da za a yanke.

Doka ba ta yi shiru ba. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya fara ne da hana mai riƙe da muƙamin gwamnati jefa kansa inda amfanin kansa zai ci karo da aikin da aka ɗora masa, ya kuma lissafa shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli da ma'aikatanta cikin waɗanda hanin ya shafa. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata tana iya sauke mai laifi daga kujerarsa, ta hana shi riƙe muƙami har tsawon shekara 10, ta ƙwace abin da ya tara ta wannan hanya. Sashe na 19 na dokar ICPC ta 2000 kuwa ya tanadi ɗaurin shekara 5, babu zaɓin tara, ga wanda ya yi amfani da ofishinsa ya fifita kansa ko ɗan'uwansa.

To amma hani daban, hanya daban. Kundin bai gaya wa kansila abin da zai yi ba idan magana ta zo gabansa da hantsi a zauren majalisa. Ya tashi ya fita? Ya yi bayani amma kada ya jefa ƙuri'a? Wa zai rubuta? Takardar bayyana kadarori da yake cikewa tana tafiya Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ne, mai sayar da doya a kasuwar Keffi ba ya ganin ta.

Akwai kuma sassaucin da kundin ya yi da kansa. Ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, amma ya ƙyale noma. Ya kuma yarda da kyautar dangi da abokai gwargwadon abin da al'ada ta sani. Ina ganin hikimar duka biyun. Ba a raba mutumin Nasarawa da gona. Sai dai a nan ne ɓaraka ta fi saurin shiga. Kansila manomi ne, kuma sau da yawa ta hannunsa sunayen masu cin gajiyar takin zamani suke bi a mazaɓarsa. Kyautar suna da ta zo daga hannun mai neman kwangilar rijiyar burtsatse fa, ta al'ada ce ko ta neman alfarma? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riga mu ganin wannan, domin a Kitabul Farƙi ya saka gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin al'adun da ya yi tir da su.

A Ingila, dokar da aka yi a 2011 ta wajabta wa kansila rubuta harkokinsa na kuɗi, har da na matarsa ko mijinta, cikin kwana 28 da kama aiki, a rajistar da kowa zai iya dubawa. Idan batu ya taɓa aljihunsa ba ya muhawara, ba ya ƙuri'a. Amma sun gane cewa a ƙaramin gari wannan zai iya tsayar da aiki cak, don haka suka bar ƙofa: kansila ya nemi izini na musamman a rubuce, majalisa ta duba, misali idan waɗanda abin ya shafa sun yi yawan da zaman ba zai yiwu ba, kuma izinin ba ya wuce shekara 4. Abin da ya kamata mu ɗauka a nan shi ne ana bayar da sassaucin a fili, da dalili, da wa'adi.

Keffi ta fi yawancin garuruwan jihar buƙatar irin wannan tsari. Kusancinta da Abuja, da Jami'ar Jihar Nasarawa, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, sun sa shago da fili da ɗakin haya sun yi daraja. Kasuwanni da tashoshin mota da mahauta kuwa jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya sa su a hannun ƙaramar hukuma. Ga kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Duk ranar da aka aiwatar da shi yadda ya kamata, kuɗin da kansiloli za su sa wa ido zai ƙaru, jarabawar ma haka.

Ba sai an jira Abuja ba. Majalisar kansilolin Keffi tana iya sa wa kanta ƙa'ida: littafi guda a sakatariya da kowane kansila zai rubuta sana'arsa da ta iyalinsa, tambaya a farkon kowane zama ko akwai wanda batun ranar ya shafa, sannan duk izinin da aka bayar a shigar da shi cikin bayanan zama. Majalisar Dokoki ta jiha a Lafiya kuma tana iya mayar da shi doka ga ƙananan hukumomi 13. Ku kuma masu zaɓe, in kansilanku ya dawo neman ƙuri'a, ku tambaye shi zaman da ya taɓa tashi ya fita saboda maganar ta shafi gidansu.