Jinginar gona a Magarya da Dungas: A kula da kalmomin wa'adi

A Magarya da Dungas, jihar Damagaram, ƙasar noma ta yi ƙaranci, jinginar gona kuwa ta zama ruwan dare. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi hukumomin filaye, wato Cofo, masu ba da takardar shaida. Sai dai mun lura ba kowa ke duba kalmomin ciki ba. In an rubuta "har sai ya biya", mai gona na iya fansarta duk ranar da ya samu kuɗi. In kuwa "cikin shekara 3" aka sa, ranar da wa'adi ya cika ba a biya ba, gardama ta tashi ke nan: gonar wa ce? Tunda da Faransanci ake rubutawa, muna kira ga manoma su sa a fassara masu kowace kalma gaban shaidu kafin su dangwala yatsa.