3.4 Zaɓen Bindiga Gwargwadon Dabbar da Za a Harba

Kamar yadda aka bayyana a baya, maharbi ba ya ɗaukar bindiga sai ya san irin dabbar da zai fita nema. Abin da ake dubawa shi ne fāɗin bakin bindiga, domin shi ke nuna girman harsashin da za ta ci. Turawa suna auna wannan fāɗi da inci ko milimita. Alal misali, idan aka ce bindiga mai lamba .22, ana nufin fāɗin bakinta ya kai kimanin milimita 5.6, wato irin wadda ta dace da zomo da zabon daji da makwarwa.

Idan harsashi ya yi wa dabba girma, sai ya dagargaza naman ya kuma ɓata fatar, maharbi ya yi asara. Amma babban haɗari yana ga ƙaramin harsashi. Ɓaunar da aka yi wa rauni ba ta faɗi ba takan shige duhuwa ta laɓe, mai bin sawun jininta kuwa ransa na cikin haɗari. Saboda haka ne ƙasar Tanzaniya ta ƙayyade lamba .375, wato kimanin milimita 9.5, a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za a harbi ɓauna da shi. Kamfanin Holland & Holland na birnin Landan ne ya fito da shahararren harsashi mai wannan lamba a shekarar 1912.

Shi kuwa maharbin ƙasar Hausa mai bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, ba shi da wannan lissafi na lamba. Bindiga ɗaya ce, ɗurin ne ke bambanta. In tsuntsu zai harba sai ya zuba ƙananan ƙwayoyin darma masu watsuwa, in gada ce ko barewa sai ya ƙara albarushi ya sa manya. A nan ake gane gwani, domin albarushi in ya yi yawa yakan fasa bindigar a hannun mai ita.

Bugu da ƙari, doka ma tana da hannu a zaɓen. Dokar makamai ta Nijeriya ta shekarar 1959 ta sanya bindigogin soja masu lamba .300 da .303 da milimita 7.62 da milimita 9 cikin haramtattu. Bindigar farauta ta zamani tana buƙatar lasisi daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda, ita kuwa ta toka lasisinta yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.