Yakutu ne ko Sifinel?

Idan ka shiga kasuwar zinariya ta Doha, babban birnin Katar, aka miƙo maka jan dutse mai ƙyalli, kada ka yi saurin cewa yakutu ne. Yana iya zama sifinel, wanda galibi bai kai shi tsada ba.

Sinadarin kuromiyom ne ke ba dukansu launin ja. To amma yakutu ya fi nauyi, ya kuma fi tauri: maki 9 a ma'aunin Mohs, sifinel kuwa 8. Sannan haske kan rabu gida biyu a cikin yakutu, a sifinel ba ya rabuwa.

Hatta babban jan dutsen kambin sarautar Ingila, da aka daɗe ana ɗauka yakutu ne, ashe sifinel ne. Saboda haka, nemi takardar gwaji kafin ka biya.