Wutar Sola Mai Sauƙin Kuɗi: Bayani ga Kwamitoci da Masu Ba da Gudummawa

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur a Najeriya, janareta ya gagari gidaje da masallatai da dama. A cikin wasiƙun da suke zuwa ofishin wannan gidauniya, roƙon a taimaka da wutar sola yana ta ƙaruwa. Mun lura cewa wasu da suka riga suka haɗa sun yi asara, domin sun sayi kaya kafin su yi lissafi. Shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana yadda ake haɗa ƙaramar sola ta gida, wadda magidanci zai iya ɗora ta da kansa, tare da mai gyaran wuta ɗaya da zai duba masa aikin.

Kayan aikin huɗu ne: farantin da ke karɓar hasken rana, na'urar daidaita caji, batir, sai inbata mai juya wutar batir ta koma irin ta Nepa. Ƙaramin gida yana iya wadatuwa da ukun farko, muddin ƙwayaye da fankar da za a saya na bolt 12 ne, masu aiki kai tsaye daga batir. Inbata tana da tsada, kuma tana cin wuta ko da ba a kunna komai ba.

Lissafin yana farawa ne daga abin da za a kunna. A ɗauki gida mai ƙwai huɗu na wat 10 da ke ci awa biyar da dare, wat-awa 200 ke nan. Fanka ɗaya ta wat 30 na tsawon awa takwas, 240. Cajin wayoyi huɗu, kimanin 60. Jimilla 500 a kowace rana. A ƙara kashi ɗaya bisa uku saboda abin da ke salwanta a waya da batir da zafi, sai ya tasam ma 670. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar ana iya dogara da kimanin awa biyar na rana mai ƙarfi a wuni. Idan aka raba 670 da biyar, ana buƙatar faranti na kusan wat 135. Mu dai shawararmu a sayi na wat 200, saboda ranakun hadari da hazon hunturu. Irin wannan faranti yana ba da kimanin amfiya 11, don haka na'urar caji mai amfiya 20 ta isa. Nau'in PWM ya fi araha kuma ya dace da wannan girma. MPPT sai an tashi faɗaɗawa.

A wajen batir ne akasarin kuɗi ke halaka. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe wat-awa 1,200 a rubuce, amma idan na ruwa ne, rabin wannan kawai ya kamata a sha. Wanda yake zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare zai kashe shi cikin 'yan watanni. Rabin nan, wato 600, shi ne ya yi daidai da gidan da muka lissafa. Batirin litiyom yana jure a sha kashi 80 cikin ɗari, kuma yana daɗewa ninkin-ba-ninkin, sai dai farashinsa na farko yana da nauyi. Na ruwa yana son a riƙa duba shi, a ƙara masa tataccen ruwan batir, ba ruwan rijiya ko na leda ba, a kuma ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, nesa da ɗakin kwana. Kada a gama tsohon batir da sabo, domin tsohon zai ja sabon ƙasa.

A fuskantar da farantin kudu, a karkata shi kaɗan, kimanin digiri 10 zuwa 15, inda inuwar darbejiya ko hasumiya ba ta faɗa masa. A fara haɗa batir da na'urar caji, sannan a haɗa faranti. Idan za a kwance, faranti ake fara cirewa. A sa fiyus dab da batir, a yi amfani da waya mai kauri ta jan ƙarfe, domin siririyar waya tana ɗaukar zafi har ta haddasa gobara. A hunturu a riƙa goge ƙura da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe. Dutsen guga da hita da firji ba su da wuri a wannan tsari.

Masallaci ma da wannan hanya ake yi masa lissafi, sai dai a ɗauki watan Ramadan a matsayin ma'auni, lokacin da lasifika da fankoki ke aiki daga tarawihi har tahajjud. Fankar sama ta gama-gari tana cin kusan wat 70, saboda haka guda shida sun ninka duk buƙatar gidan nan cikin awa uku.

Akwai kuma batun asusun da kuɗin zai fito. Jumhurin malamai ba su shigar da gina masallaci ko kayansa cikin rukunai takwas na masu cin zakka da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata ba, don haka solar masallaci daga waƙafi ko sadaka muke biyan ta. Mabuƙaci kuwa, kamar bazawara mai sana'ar cajin waya, ana iya mallaka mata kayan daga zakka.

Faranti mai kyau yana kai shekara ashirin ko fiye, batirin ruwa kuwa da wuya ya wuce uku ko huɗu. Wanda ya yi waƙafin sola bai tanadi kuɗin batir ba, nan da 'yan shekaru farantinsa zai zauna a kan rufi babu abin da yake haskawa. Saboda haka, duk kwamitin da zai miƙo buƙata a shekara mai zuwa, muna roƙon ya haɗo da jerin abubuwan da za a kunna da awanninsu, da wanda aka ɗora wa kula da batir, da kuma bayanin inda kuɗin sauya shi zai fito.