Taragon Kwana a Jirgin Ƙasa: Amfaninsa da Makomarsa

Ɗan kasuwar da ya shiga jirgin ƙasa bayan sallar isha'i, ya kwanta a kan gado, gari ya waye masa a wani birni mai nisan kilomita dubu, ya tsira da abu biyu: kuɗin masauki, da kuma yinin da zai ɓata a hanya. Wannan shi ne ainihin hajar da taragon kwana yake sayarwa tun daga shekarun 1860, lokacin da George Pullman ya mayar da shi babbar sana'a a Amurka.

Sai dai hajar tana da tsada ga mai sayar da ita. Taragon kujeru kan ɗauki fasinja 70 zuwa 80, alhali na kwana da ƙyar yake kai rabin haka. Bugu da ƙari, kujera ɗaya a jirgin rana ana iya sayar da ita ga mutane da dama, wannan ya sauka wancan ya hau, amma gado sau ɗaya ake sayar da shi a dare, kana taragon ya yini a ajiye. Ga kuma albashin ma'aikatan dare, da wankin zannuwan gado, da kuɗin bin layin dogo.

Wannan lissafi, haɗe da gogayyar jiragen sama masu araha, shi ya sa kamfanin Deutsche Bahn na Jamus ya daina gudanar da jiragen kwanansa a watan Disamba na 2016. Amma kamfanin jiragen ƙasa na gwamnatin Ostiriya ya karɓi wasu daga cikin hanyoyin, ya ci gaba da su da sunan Nightjet. A ƙarshen 2023 ya fito da sababbin taragai masu ƙananan ɗakuna na mutum guda, domin a ƙara yawan gadaje ba tare da fasinja ya kwana da baƙo ba.

Duk da haka, yawan fasinja bai tabbatar da riba ba. Jirgin kwanan da aka buɗe tsakanin Paris da Berlin a 2023 ya tsaya a watan Disamba na 2025, bayan gwamnatin Faransa ta janye tallafinta. A Birtaniya kuwa, gwamnatin yankin Sikotilan ta karɓi ragamar jirgin Caledonian Sleeper da kanta a 2023. Darasin shi ne, jirgin kwana ya fi dacewa da tafiyar sa'o'i takwas zuwa 12 tsakanin manyan birane, kuma sau da yawa sai da hannun hukuma yake ɗorewa.

Batun ya shafi Nijeriya. Tsohon layin dogo na Legas zuwa Kano ya haura kilomita 1,100, kuma jirgin da aka farfaɗo da shi a kansa a ƙarshen 2012 yana da taragon kwana a wancan lokacin, sai dai tafiyar takan ci fiye da sa'o'i 30. Gado a irin wannan tafiya sassauci ne kawai, ba ya ceton lokaci. Sababbin layukan Abuja zuwa Kaduna (2016) da Legas zuwa Ibadan (2021) kuwa, kowannensu bai kai kilomita 200 ba, don haka ba su buƙatar gado. In aka haɗa sabon layin daga Legas har Kano, tafiyar za ta iya komawa ta dare guda, daidai inda taragon kwana yake cin kasuwa.

Kafin nan akwai sharuɗɗa biyu. Na farko tsaro, domin harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a daren 28 ga Maris, 2022, ya nuna haɗarin tafiyar dare. Na biyu cika alkawarin lokaci, domin ɗan kasuwa ba zai biya kuɗin gado ba sai ya tabbata zai isa kafin a buɗe kasuwa.