Tsadar mai da nisan ruwa: yadda matasan Gazawa ke lissafin zuwa tafki

Daga Gazawa zuwa bakin tafkin Madarunfa tafiya ce ta kilomita kusan 125. Mota za ta hau babbar hanyar ƙasa, ta ratsa Agye da Cadawa, ta shiga Maraɗi, sannan ta karkata kudu. Mutumin Gidan Rumji ya fi samun sauƙi, tasa ba ta wuce kilomita 75 ko makamancin haka ba, ta Tsibiri. Ga matashin wannan yanki mai son ya ga ruwa shimfiɗe iya ganinsa, ya shiga kwale-kwale, ya yi ninƙaya har hannu ya gaji, Madarunfa ita ce wurin zuwa. Gulbin Maraɗi da ke bi ta Gidan Rumji ruwan damina ne, kaka na wucewa sai rairayi. Gulbin Kaba kuwa ya daɗe da zama kwarin goruba. Saura tafkunan gari da kududdufai, waɗanda yawancinsu ba sa kai wa bazara.

Shi ya sa wasan ruwa a nan ba ya rabuwa da kuɗin mai. A Yamai yaro na iya gangarawa bakin kogin Kwara da ƙafa. A Gazawa sai an zuba lita.

Shekara da shekaru wannan lita ba ta cika damun kowa ba, domin iyakar Najeriya na nan kusa, kuma gwamnatin can tana biyan tallafi a kan fetur. Man yana tsallakowa a jarkoki, bisa babura da tsofaffin motoci, ta Jibiya da Ɗan Isa, ta wajen Ɗankama, ta hanyoyin daji da ba su da suna. A bakin titi za a tarar da teburin katako, kwalabe jere sun yi jajawur a rana, yaro riƙe da mazurari da ƙyallen tacewa. Wannan shi ne ruwa-ruwa, kuma a lokacin da kasuwarsa ke ci yakan sauko har kusan rabin farashin gidan mai. Ɗan kabu-kabu da shi yake aiki, mai injin ban ruwa a gulbi da shi yake noman rani, samari kuma da shi suke yawon salla. Ko bayan buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a watan Nuwamban 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, kwalba ta ci gaba da kayar da famfo a duk garuruwan kan iyaka.

An sha girgiza wannan ciniki. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, a Nuwamba kuma ta hana kai mai ga gidajen da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Farashi ya tashi, masu fasa-ƙwauri suka sake hanya, abu ya lafa. Bugun da bai lafa ba shi ne na ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi a jawabinsa na kama mulki. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 600 cikin wata biyu, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Faɗuwar naira ta ɗan rage wa mai sefa zafi, amma idan aka ɗora kuɗin ɗauko da na hanya, ribar da ke tsakanin kwalba da famfo ta kusa gushewa. Ana cikin haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya biyo baya, iyaka ta sake rufuwa har zuwa watan Maris na 2024.

Jama'a suka koma gidajen mai. A watan Yulin 2024 gwamnati ta rage farashin fetur daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618. Sauƙi ne na gaske, sai dai ya zo daidai lokacin da duk masu shan ruwa-ruwa suka dawo kan man gida, matatar kuma ba ta ƙara girma ba. A watan Maris na 2025, cikin azumi, aka wayi gari da dogayen layuka a gidajen mai na ƙasar. Wanda ya kwana a layi don ya sami abin zuwa aiki ba ya zancen tafki.

Duk da haka ba a daina zuwa ba. Salon tafiyar ne ya sake, kuma lissafin a bayyane yake. A ce ƙaramar mota tana shan lita 8 a kilomita 100. Zuwa da dawowa daga Gazawa lita 20 ke nan, kusan jika goma a farashin 499. Mutum biyar suka raba, kowa jika biyu. Babur mai shan lita 2 da rabi a kilomita 100 zai ci kusan jika uku, mutum biyu kowa jika ɗaya da rabi, ga gajiya da ƙura. Ita kuwa Hiace mai gazuwal, ko da ta sha lita 11 a kilomita 100, man tafiyar bai kai jika 18 ba. Idan mutum 18 ne a ciki, kason kowa na mai bai cika jika ɗaya ba, sai a ƙara ladar direba da ta mota.

Daga nan karo-karo ya samu ƙarfi. Samarin fada guda, 'yan ajin makaranta guda, ko 'yan ƙungiyar ƙwallo, sukan fara tara kuɗi tun makonni kafin salla. Ɗaya ke riƙe da littafi, ana kiran juna a WhatsApp, ana ciniki da direba a tasha kan shatar yini. Kuɗin ya fi taruwa da kaka, bayan an sayar da aya da wake, kuma Allah ya sa lokacin ne tafkin yake cike. Mai tafiya tsakanin Oktoba da Disamba yana samun ruwa mai yawa a kan kuɗin man da zai kashe ko yaushe. Mai tafiya a watan Afrilu, sa'ad da zafi ya fi sa mutum kwaɗayin ruwa, yakan tarar bakin tafkin ya ja baya, sai ya taka taɓo mai nisa kafin ya kai inda kwale-kwale yake.

Wata dabarar ita ce haɗa buƙatu. Madarunfa dama wurin ziyara ne saboda kaburburan waliyyai 99 da ake faɗa suna kewaye da tafkin, abin da ya sa Nijar ta shigar da wurin cikin jerin da ta miƙa wa UNESCO a 2006. Mota ɗaya takan ɗauki dattijai masu ziyara da samari masu wanka, a biya ta kasuwar Maraɗi a yi sayayya, a komo da soyayyar karfasa da tarwaɗa. Tafiyar da za a yi sau uku ta zama ɗaya.

Direbobin da suka san hannunsu suna da nasu tanadin. Taya mai ƙarancin iska tana jan mai, har ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa daidaita iska kaɗai na iya rage sha har zuwa kashi 3 cikin 100. Gudun da ya wuce kilomita 80 a awa yana ƙara sha. Yanke ta cikin rairayi don a rage nisa sau da yawa asara ce, domin mota a ƙaramin giya tana kwankwaɗar abin da kwalta ba za ta ci ba. Tashi da asuba kuma yana sa a kai kafin rana ta buɗe, a komo kafin magariba.

Akwai kuma tanadin da bai kamata a kira shi tanadi ba. Ana ganin samari uku, har huɗu, a kan babur ɗaya, babu hular kwano, a hanyar da tireloli ke bi dare da rana tsakanin Maraɗi da Damagaram. Ana cusa mutum 25 a motar da aka yi don 18. Wani direban yakan kashe inji a gangare, alhali a motoci da yawa kashe inji yana raunana birki da sitiyari. Kwalbar bakin titi ma ta sake hali: da riba ta ragu, haɗarin algus ya ƙaru, kuma man da aka gauraya yakan mayar da ɗan abin da aka rage zuwa aljihun bakanike. Duk wanda ke shirya wa yara irin wannan tafiya, malami ne ko shugaban fada, a nan ya kamata ya tsaya da ƙafafunsa. Ƙarin dala hamsin a kan kowa bai kai darajar kujerar da ba a cunkushe ba.

Babban sakamakon tsadar mai bai bayyana a kan hanya ba, a bayan gari yake. Yaron da ba shi da kuɗin karo-karo, kuma su ne mafi yawa, ruwan da ke kusa yake nema. Bayan ruwan sama na Agusta, ramukan da aka haƙa don yin tubali da waɗanda masu aikin hanya suka bari sukan cika fal. Da hantsi za a ga riguna zube a gindin gawo, yara na tsalle daga kan gaɓa, ƙarami ya rungume jarkar da ba komai a ciki yana buga ƙafa yana koyon iyo. Abin sha'awa ne, kuma ba a biyan ko dala. Amma ramin tubali ba shi da gangare. Taku ɗaya ruwa na gwiwa, na biyu ya shanye kai, ƙasan kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka nutse a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Daminar 2024, wadda jihar Maraɗi na cikin waɗanda ambaliyarta ta fi yi wa ɓarna, ta bar irin waɗannan ramuka cike har cikin kaka.

Sai tsargiya. Ƙwayarta tana rayuwa a jikin ƙananan dodon-koɗi na ruwan da ke kwance, ta huda fatar mai wanka, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Har yanzu akwai gidajen da ake ɗaukar wannan alamar girma ce ga ɗa namiji, alhali cuta ce mai cin mafitsara a hankali. Maganinta, praziquantel, ana rabawa a makarantu, amma yaron da ya sha ya koma kududdufin nan zai sake kamuwa. Babban tafki ma bai kuɓuta daga wannan ba, sai dai a can akwai masunta da masu kwale-kwale da suka san zurfin kowane lungu, kuma idonsu na kan baƙo.

Ba daidai ba ne a ɗora komai a kan tsadar mai. Tun wajen 2019 'yan bindigar da ke tsallakowa daga Zamfara, Katsina da Sakkwato suka addabi ƙauyukan iyaka na Madarunfa da Gidan Rumji, dubban 'yan gudun hijira daga Najeriya kuma suka zauna a wurare kamar Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Uban da ya hana ɗansa tafiya sau da yawa wannan yake tunani kafin ya tuna farashin lita. Tafkin kansa yana shan wahala: dam ɗin Jibiya da aka gina a ƙarshen shekarun 1980 ya sauya yadda ruwa ke gangarowa a gulbi, rairayi kuma na cike ƙasan tafkin shekara bayan shekara. Tafiya mai nisa irin ta Argungu, inda ake gasar su da tseren kwale-kwale tun 1934, ta riga ta fi ƙarfin yawancin matasan yankin, ga canjin kuɗi, ga shingaye.

A bakin tafki an ji canjin ta fuska biyu. Baƙi 'yan ɗaiɗai masu zuwa da motar kansu sun ragu, masu zuwa a ayari sun fi yawa, kuma a ranaku ƙidayayyu: washegarin salla, hutun makaranta, ƙarshen kaka. Mai soya kifi takan yi cinikin mako a yini guda, sannan ta zauna shiru. Mai kwale-kwale kuma, ganin kasuwar ta kwana ɗaya ce, yakan so ya ɗauki fiye da kima, ga shi rigar ceto ba a cika ganinta ba. Cunkoson da aka yi a mota shi ake maimaitawa a kan ruwa.

Abin da ke hannun hukumomin gari da masu unguwanni a Gazawa, Agye da Gidan Rumji ba ya buƙatar saukar farashin mai. Kowane gari ya san ramukansa. Ana iya zaɓar tafki ɗaya mai sauƙin gangare a ce nan ne wurin wanka, a kafa sanduna inda zurfi ya fara, a sa baligi mai iya ruwa ya zauna daga Agusta zuwa Oktoba, a kewaye sauran da ƙaya. Makarantun da ke shirya fita za su iya yin shatar mota tare, su ƙayyade adadin kujeru tun a tasha, su yi magana da sarkin ruwa kafin ranar. Rabon maganin tsargiya kuwa ya fi amfani idan ya biyo bayan watannin wanka, lokacin da tafkunan suka fara ƙafewa kuma yara suka koma aji.