ABINCIN BAƘO A BIRNIN MARAƊI

Ran Litinin da ran Juma'a kasuwar Maraɗi take ci. Tun da asuba manoman Tibiri da na Jiratawa sukan kamo hanya da kayan lambu. Kafin azahar an saida kaya, kuɗɗi sun shiga aljihu, yunwa kuma ta taso. A nan ribar mutum da yawa take zubewa, don tsiren birni akwai ƙamshi amma ba ya ƙosarwa.

Mai neman ƙoshi da araha ba ya shiga gidan abinci mai kujeru da fanka. Bakin tasha yake nufa ko gefen kasuwa, wurin mata masu tuwo, da masu shinkafa da wake, da masu ɗan wake. Nan ba a kawo wa mutum takardar lissafi. Shi ne zai ce: "Inna, zuba mini na dala 40," ta auna mishi daidai kuɗɗinshi, wani lokaci har da gyara.

Ɗan wake ya fi su riƙe ciki. Garin wake ne da na rogo, da kuka da ɗan ruwan kanwa, a bi shi da mai da yaji. Wanda ya ci shi da hantsi sai la'asar ya tuna da abinci. Kwaɗon zogala da ƙuli-ƙuli ma haka. Abin dariya, zogalar nan sau da yawa daga fadamar Jiratawa ta fito, sai mai lambu ya zo birni ya sayi abin da shi da kanshi ya shuka.

Samari kuwa sun fi son teburin mai shayi, inda ake dafa taliyar leda, wadda kowa yake ce wa Indomie. Tana da tarihi mai nisa. Mutanen Japan sun koyi irin wannan taliya daga Sin, kuma a 1958 wani mutum can mai suna Momofuku Ando ya gano dabarar soya ta a busar, yadda ruwan zafi kaɗai zai nunar da ita. A biranen Japan akwai gidajen abincin Sin masu araha, irin su Gyoza no Ohsho wanda aka buɗe a Kyoto a 1967, yau rassanshi sun fi 700. Leburori da ɗalibai suna cika su, kamar yadda suke cika bencin mai shayi a Maraɗi. Ita Indomie asalinta Indunusiya, amma tun shekarun 1990 ake yin ta a Najeriya, daga can take shigowa ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa.

Tana da sauri, tana da daɗi. Amma in ba a sa mata ƙwai ba, fulawa ce da mai da gishiri, ba a jimawa yunwa ta dawo. In an sa ƙwai biyu kuma, kuɗɗin sun wuce na kwanon ɗan wake. Ranar da aka rufe iyaka, kamar a 2019 da 2023, kayan da ke zuwa daga kudu sukan yi tsada, alhali wake yana nan cikin rumbu.

Sai maganar tsabta. A 2018 cutar amai da zawo ta kama mutane da yawa a yankin Madarunfa da Maraɗi. Mai cin abincin bakin hanya ya nemi wanda aka sauke da zafinshi, a rufe, ya duba ruwan da ake wanke kwanoni, ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa shi cikin kwano.